Tsinke, Zare da Ɗan Lambu: Matsayin Aikin Sha'awa a Rayuwar Malami

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da na saba yi wa sababbin ɗalibai a makon farko na shigowarsu kwaleji. Nakan ce da su: "Idan aka tashi daga aji, ka yi salla, ka ci abinci, ka huta, mene ne hannunka ya iya yi?" A kowane aji akan sami 'yan kaɗan da za su ce ɗinkin hula, ko kitso, ko kiwon kaji. Sauran kuwa sai su dubi juna su yi murmushi, wani ma ya ɗaga wayarsa sama, aji ya kwashe da dariya. Ni ma nakan taya su, amma tawa dariyar yaƙe ce, domin na san waɗannan matasa su ne gobe za a damƙa wa 'ya'yan jama'a a ce su shirya su domin zaman duniya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ra'ayina a kan wannan al'amari. A nawa ganin, kowane malami yana buƙatar wani aikin hannu da yake yi don sha'awar kansa, ko da ba zai kai shi kasuwa ba. Haka kuma, duk makarantar da ta mayar da darasin aikin hannu hanyar karɓar kuɗi daga yara, to ta cuce su. Zan kafa hujja da rayuwar wata mai saƙa da na sani ciki da waje, wato yayata, tsohuwar shugabar makarantar firamare wadda ta yi ritaya tana zaune a Zariya. Daga nan sai a dubi abin da malami zai tsinta a irin wannan rayuwa, da sukan da ake yi mata, da kuma inda makarantunmu suka yi sake.

2.0 Aikin Sha'awa da Kalmar Saƙa

Bahaushe ya san sana'a, wato aikin da mutum ke yi don ya ci abinci, kamar ƙira da jima da rini. Ya kuma san wasa, wato abin da ake yi don nishaɗi kawai, kamar dara da langa. A tsakanin waɗannan biyu akwai wani abu na uku, shi ne wanda na kira aikin sha'awa. Ya yi kama da sana'a saboda yana buƙatar koyo da ƙwarewa, kuma yana haifar da abin amfani. Ya yi kama da wasa saboda babu mai tilasta wa mutum yin sa, kuma ba da shi ya dogara ba. Dattijon da ke kiwon tantabaru a soron gidansa, da ma'aikacin da ke ɗinka hula ɗaya a wata uku don ya sa a kansa, duk aikin sha'awa suke yi.

Ita kuwa kalmar saƙa tana da faɗi a Hausa. Masaƙi yana saƙa a masaƙarsa, mai tabarma yana saƙa da kaba, gizo-gizo yana saƙa a kusurwar ɗaki, mai tsinke da ulu ita ma saƙa take yi. Harshen bai tsaya nan ba, sai da ya kai kalmar cikin zuciyar ɗan Adam. Wanda tunani ya dama mukan ce yana ta saƙe-saƙe, ko yana saƙawa yana kwancewa. Wanda ya ƙulla wa ɗan'uwansa sharri kuwa mukan ce ya yi masa saƙa da mugun zare. Sanin kowa ne al'umma ba ta gina salon magana a kan abin da ba ta sani ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a shekarar 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Zaren wannan saƙa kuwa mata ne ke kaɗa shi a cikin gidajensu da mazari. Saboda haka macen da ke zaune a tsakar gida da zare a hannu tsohuwar sura ce a ƙasar Hausa. Abin da ya sauya shi ne mazari ya ba tsinke wuri, auduga ta ba ulu.

3.0 Shekara Guda a Gidan Mai Saƙa

3.1 Saƙa

Yaya ta koyi saƙa a kwalejin horon malamai mata a shekarun 1970, lokacin da ake koya wa kowace ɗaliba ɗinki da saƙa da girki tare da dabarun koyarwa. Tun daga wannan lokaci ba ta ajiye tsinke ba. Tana da wani tsohon kwando da ke ƙarƙashin kujerarta, a cikinsa akwai tsinkayen saƙa manya da ƙanana, da kwarashi, da tef na awo, da almakashi, da curin zare kala-kala. Akwai kuma wani littafin rubutu da ya sha jiki, inda take rubuta awon kowane jika da shekarar da ta auna shi.

Ba ta taɓa zama da aiki ɗaya tak. Kullum za ka tarar da uku a ƙasa. Akwai ƙaramin aiki, kamar hular jariri ko safa, wanda take jefawa a jaka in za ta asibiti ko gidan biki, saboda zaman jira. Akwai matsakaici, wato rigar sanyin wani jika, wadda take yi bayan la'asar tana sauraren rediyo. Sannan akwai babban aiki, wato bargo ko shawul, wanda yakan ci wata biyar ko shida, kuma da ragowar zaren sauran ayyukan take haɗa shi. Duk haihuwar da aka yi a dangi ko a maƙwabta, ranar suna za a ga hula da safa da 'yar riga sun fito daga gidanta. Ba ta karɓar ko sisi. In aka matsa mata, sai ta ce a sayo mata zare.

Wani abin lura shi ne lokacin da take fara rigunan sanyi. Hunturu yakan kankama ne a watan Disamba, ya kai har Fabrairu, amma ita tun ana tsakiyar damina take ɗaura zarenta. Na taɓa yi mata ba'a, na ce: "Yaya, ana fama da gumi ke kina saƙa suwaita?" Ba ta ko ɗago kai ba ta ce: "Dakta, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuna saƙarku da baki, mu muna tamu da hannu." Ban sami amsa ba, don gaskiya ta faɗa.

3.2 Lambu

A bayan ɗakin girkinta akwai wani fili da bai wuce taku goma a tsaye da taku shida a kwance ba. Nan ne lambunta. Ta kewaye shi da zogale, wanda ba iri ta shuka ba, rassa ta sara ta kafa suka kama. Da ruwa ya zauna a watan Yuni takan shuka alayyafo da rama da yakuwa da lalo da kuɓewa, ta dasa tattasai da attaruhu a tsofaffin buhuna da fasassun bokitai. Takin kuwa kashin awakinta ne da tokar murhu. Alayyafo yakan isa tsinka cikin wata guda ko da 'yan kwanaki, kuɓewa kuma ta fara 'ya'ya bayan kamar wata biyu. Abin da ya yi rara sai a yayyanka a shanya. Ganyen zogale a inuwa take shanya shi don kada rana ta ƙone masa launi.

Da rani lambun yakan tsuke, ya koma zogale da 'yan buhunan attaruhu. Ta ajiye wani tsohon baho inda kowa a gidan ke alwala, ruwan da ya taru a ciki shi ake juyewa a gindin shukar. Tsuntsaye da ƙadangaru sukan yi mata ɓarna, amma ba ta cika damuwa ba. Takan ce addini ya lissafa abin da tsuntsu ya ci a shukar mutum cikin sadaka, don haka ba ta yi asara ba.

3.3 Dogon Hutu

Turawa suna yin babban hutun makaranta a lokacin zafinsu. Mu kuwa namu dogon hutun yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar damina. A wannan lokaci gidan Yaya yakan cika da jikoki daga Kaduna da Abuja da Legas. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya kai shekara bakwai, mace ko namiji, za a ba shi kunya guda a lambu wadda shi zai kula da ita, a kuma ba shi tsinke biyu da curin zare. Da safe ana cirar ciyawa, da yamma ana saƙa a zaure in ruwa ya tsare, da dare a gasa masara a yi tatsuniya.

Wata shekara ina nan wani jikanta ɗan shekara tara ya saƙa ƙyallen wuya har ya kai tsawon taƙi guda. Da ta karɓa ta duba, sai ta ga ido ɗaya ya kuɓuce masa tun a layi biyar da suka wuce, ya bar rami. Ta ce ya warware har zuwa wurin. Yaro ya fashe da kuka, ya ce ai ramin ƙarami ne, babu mai gani. Ta ce: "Kai ka gani, ni ma na gani. In ka bar shi, ranar da aka wanke zai zama ƙofa." Ta zauna kusa da shi, ya warware yana shessheƙa, ya sake ɗaukowa. Kafin hutu ya ƙare ya gama ƙyallen. A karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, amma uwarsa ta ce da hunturu ya zo bai yarda ya ɗaura wani ba sai shi.

4.0 Abin da Malami Zai Tsinta

Na farko shi ne lissafi mai ma'ana. Kafin mai saƙa ta fara hula, takan saƙa ɗan guntu na gwaji ta auna, domin ta san yawan idanun saƙa, wato ƙananan zobban da zare ke yi a jikin tsinke, da ke cika wani tsawo. A ce ido 20 ne suka ba ta santimita 10, wato ido 2 a kowace santimita ke nan. Kewayen kan sabon jariri yakan kai kimanin santimita 35, don haka lissafi ya ba da ido 70. Amma da yake saƙa tana miƙewa, sai ta rage zuwa 64, kuma ta zaɓi wannan adadi ne saboda yana rabuwa gida 8 daidai, ta yadda in ta zo tsuke saman hular za ta riƙa rage ido ɗaya a kowane kashi. A wannan 'yar hula an yi awo, an yi ninkawa, an yi rabawa, an yi kintace. Su ne abubuwan da muke wahalar cusa wa 'yan aji huɗu da biyar a kan allo suna hamma.

Na biyu shi ne sanin yadda ake gyara kuskure. Saƙa ba ta karɓar uzuri, haka ma shuka. In ka tsallake ido, rami zai fito; in ka ƙi ban ruwa, ganye zai yanƙwane. Amma kuma saƙa tana da wata falala: zaren da aka warware bai lalace ba, da shi za a sake. Malamin da ya saba da wannan a hannunsa zai fahimci cewa yaron da bai gane darasi ba a mako na shida, mai yiwuwa ido ya kuɓuce masa ne tun a mako na biyu. Maganinsa a koma da shi baya zuwa inda ramin yake. Bulala ba ta toshe irin wannan rami.

Na uku, wanda ya fi shafar mu masu nazarin Hausa, shi ne rayuwar kalmomi. Kalma tana rayuwa ne muddin ana yin aikin da take nuni gare shi. A tambayi ɗalibin kwaleji a yau ma'anar abawa, ko shiɓa, ko ƙoshiya, ko kwarkwaro, ko allira, a ga mutum nawa za su amsa. Ba laifinsu ba ne, domin ba su tashi sun ga ana kaɗi da saƙar gargajiya a gidajensu ba. Jikokin Yaya da ke zaune a Legas sukan zo da Hausar da ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Kafin su koma sun san dashe da yabanya da tsiro da huda, sun san bambancin tsinka da tuge, da na ƙulla da zarge. Babu wanda ya rubuta musu waɗannan a allo. Sun ji kalmar ne a daidai lokacin da hannunsu ke kan abin, shi ya sa ta zauna.

Na huɗu shi ne lafiyar zuciyar malamin kansa. Aikin koyarwa aiki ne da ba a ganin amfaninsa da wuri. Kana iya shekara ashirin kafin wani ya tsayar da kai a hanya ya ce kai ka koya masa karatu. Ga cunkoson aji, ga jinkirin albashi, ga ƙorafin iyaye. Mutumin da ke cikin wannan hali yana buƙatar wani abu da zai fara ya gama, ya riƙe a hannu ya ce wannan ni na yi. Yaya ta sha gaya mini cewa a shekarun da take shugabancin makaranta, duk ranar da ta dawo da ɓacin rai takan saƙa layi goma kafin ta yi wa kowa magana a gida.

5.0 Sukan da Ake Yi

Ba zai kyautu in kawo ra'ayina in ɓoye na masu ja da shi ba. Suka ta farko ita ce ta kuɗi. Masu wannan ra'ayi suna cewa kuɗin zaren da zai saƙa rigar yaro ɗaya yakan kai ko ya wuce kuɗin rigar sanyi ta gwanjo, ban da makonnin da za a ɓata. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai cewa saƙar hannu hanyar tsimi ce a yau bai shiga kasuwa ba. Tun a shekarar 1589 wani Baturen Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa, kuma daga lokacin hannu bai sake yin tsere da inji ya ci ba. Hasali ma yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, zare ne da masana'antu ke sarrafawa daga sinadaran man fetur. Amma masu sukar sun auna abin da ma'aunin sana'a ne, alhali aikin sha'awa ne. Da na kawo wa Yaya wannan magana, cewa ta yi: "Ta gwanjo don wani aka saƙa ta, ya gaji da ita ya yar. Wannan kuwa da sunan yaron a bakina na ɗaura zarenta." Daɗin daɗawa, lambu shi kam yana rage cefane, musamman a gidan da albashi ba ya kai ƙarshen wata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Suka ta biyu ita ce wai saƙar tsinke al'adar Turawa ce. Gaskiya ne ta makarantun 'yan mata na zamanin mulkin mallaka ta bazu a garuruwanmu. Sai dai tarihinta ya girmi zuwanta Ingila. Mafi tsufan kayan saƙar tsinke da suka wanzu har yau safunan auduga ne masu fari da shuɗi da aka samu a Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Haka kuma, a kabarin wani yariman Sifaniya mai suna Fernando de la Cerda, wanda ya rasu a shekarar 1275, an sami matashin kai na saƙar tsinke a kusa da birnin Burgos, kuma masana suna danganta irin wannan aiki da masaƙa Musulmi na Andalus. Ashe ke nan abin ya biyo ta hannun Musulmi kafin ya zaga ya iso mu ta hannun Bature.

Suka ta uku ita ce wai aikin mata ne, namiji mai mutunci ba ya riƙe tsinke. Wannan magana ba ta da tushe ko a al'adarmu. Maza ne ke zama a masaƙa suna saƙa fari da saƙi, maza ne ke aikin asake a babbar riga, kuma maza da mata duk suna ɗinkin hula. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca a ƙasar Peru, maza ne ke saƙar tsinke, tun suna yara ake koya musu, kuma a shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sanya fasahar tufafin tsibirin cikin kayan gadon ɗan Adam. Game da mutunci kuwa, ana ba da labarin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, duk da iliminsa da yawan almajiransa, yakan tufka igiya da hannunsa. Idan tufka ba ta rage wa Shehu daraja ba, ban ga yadda tsinke ko fartanya za su rage wa mai takardar NCE ba.

Suka ta huɗu ita ce rashin lokaci, kuma ita ce ta fi nauyi. Malamar da ke da aji mai yara ɗari, ga girki, ga goyo, ba a yi mata adalci ba in aka ce lalaci ne ya hana ta saƙa. Na yarda akwai shekarun da rayuwa ba ta barin sarari. Amma ina roƙon mai karatu ya duba wayarsa, ya ga awa nawa ya yi jiya yana shafa ta. Rabin awa daga ciki ta isa a saƙa layi shida ko a ba buhu biyar ruwa.

6.0 Inda Makarantunmu Suka Yi Sake

Haɗa karatu da aikin hannu ba sabon tunani ba ne. Ƙasar Finland ta sanya aikin hannu cikin darussan dole na makarantun talakawanta tun shekarar 1866, bisa jagorancin Uno Cygnaeus, kuma har yau yaranta maza da mata suna koyon aikin zare da na katako. A nan gida, makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. A 1976 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka fi sani da OFN, aka ƙarfafa wa makarantu da gidaje gwiwar yin gona da lambu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, ta ba darussan share fagen sana'a babban matsayi a ƙaramar sakandare. A takarda dai ba mu taɓa rasa kyakkyawar niyya ba.

A aikace kuwa, ga abin da na gani da idona, kuma da hannuna a ciki. Wata rana ɗana, yana aji biyar na firamare, ya dawo ya ce an ce kowa ya kawo aikin hannu ranar Litinin, wanda bai samu ba ya kawo kuɗi a madadinsa. Ina cikin duba takardun jarrabawa, sai na zaro kuɗin na miƙa masa. Da sakamako ya fito, ya sami maki mai yawa a aikin hannu, shi da bai taɓa ko tsinken tsintsiya ba. Na ba Yaya labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce: "To, Dakta, ka saya masa maki ke nan. Ranar da ya girma ya sayi na jami'a, kada ka tambayi inda ya koya." Maganar ta daɗe tana ci na. Yaron da aka nuna wa tun yana shekara goma cewa kuɗi suna tsaya wa mutum a inda ya kamata guminsa ya tsaya, an ba shi darasin farko na cin hanci, kuma a cikin aji aka ba shi, da yardar malami da ta uba.

Me ya sa malamin ya nemi kuɗi? Mai yiwuwa kwaɗayi ne. Amma na fi zaton shi kansa babu abin da hannunsa ya iya, don haka ba shi da abin da zai koyar a wannan darasi. Wannan ne ya dawo da mu ga tambayar da na buɗe maƙalar da ita.

7.0 Shawarwari

Ga ɗalibi mai shirin zama malami, ina ba da shawarar ya zaɓi aikin hannu guda ɗaya kafin ya bar kwaleji, ya nemi wanda ya iya ya rusuna ya koya. Ba lalle sai saƙa ba. Ɗinkin hula, saƙar tabarma, ɗinkin faifai, tufkar igiya da noman buhu duk suna cikin lissafi. Ya fara da ƙaramin abu wanda zai gama cikin mako biyu, domin babban buri a farko shi ke kashe gwiwa.

Idan aka tura shi koyarwa, kada ya karɓi kuɗi ko abin da aka sayo a kasuwa a matsayin aikin hannu. A yi aikin a cikin aji a gabansa, a ba da maki a kan ƙoƙari da ci gaba, ko da abin ya fito a karkace. Inda babu kuɗin zare, tsohuwar suwaita da ta yage ana warware ta a sami zare, kuma ana fiƙe tsinke daga gora. Malamin Hausa kuma ya riƙa gayyatar tsofaffin unguwa masu kaɗi ko saƙa su zo aji, yara su ga aikin, su rubuta sunayen kayan da matakan aikin. Da haka an sami darasin ƙamus da na insha'i a zama ɗaya.

Ga iyaye kuwa, a daina cinye dogon hutu kacokan da darasin ƙarin lokaci. A bar yara su yi ko da mako uku a gidan kakanni, domin zumunta a ƙafa take, kuma akwai karatun da sai a can ake samun sa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa aikin sha'awa, irin saƙa da ɗan lambun bayan ɗaki, yana koyar da lissafi da haƙuri, yana raya kalmomin harshe, yana kuma sanyaya zuciyar mai yin sa. An kawo sukan da ake yi, an karɓi abin da ke gaskiya a cikinsu, an kuma nuna illar sayar da makin aikin hannu. Yanzu idon Yaya ya fara rauni, ba ta iya saƙa da baƙin zare da dare, sai fari ko rawaya. A hutun da ya wuce na ga ta miƙa wa babbar jikarta littafin awon nan nata, ta ce ta ci gaba da rubutawa. Ni kuma, da furfurata, na karɓi tsinke biyu a hannunta. Har yanzu ina kan ƙyallen farko, kuma ta sa na warware shi sau uku.